Allura Na Iya Tono Garma: Tafiyar Manuni a Fom ɗin Kwamfuta da Amincin Alƙaluman Lafiya

Duk wani ilmin kimiyya da ake taƙama da shi, in aka bi salsalarsa, za a tarar ya faro ne daga awo da rubutawa. Wani ya auna, wani ya rubuta, wani kuma ya tattara abin da aka rubuta ya fitar da hukunci. Akan yaba wa na'urorin awo, akan kuma jinjina wa masanan da suka fitar da hukunci, amma ba kasafai ake waiwayar matakin da ke tsakiya ba, wato lokacin da akawu ke zaune gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa yana kwafe lambobi daga takarda zuwa cikin gurabun fom. A wannan mataki akwai wani ɗan tsinke da ke ƙiftawa a fuskar na'urar, yana nuna inda harafi na gaba zai sauka. Shi ake kira manuni. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, hanyar da manuni ke bi daga gurbi zuwa gurbi batu ne na kimiyya, kuma wajibi ne a tsara ta da gangan, a jarraba ta, a koyar da ita a makarantun sakandare, domin sakaci da ita na iya ɓatar da yaro mara lafiya daga cikin lissafin hukuma ba tare da kowa ya ankara ba.

Mene ne manuni, mece ce matsayarsa?

Rumbun bayanai ma'ajiya ce a cikin kwamfuta wadda aka tsara ta kamar babban littafin rajista. Kowane layi na ɗauke da bayanin mutum guda, kowane ginshiƙi kuma na ɗauke da nau'in bayani guda, kamar suna, ko shekaru, ko nauyi. Da yake zuba bayani kai tsaye cikin irin wannan jadawali na da wahala ga ido, sai akan ƙirƙiri fom, wato shafi mai gurabu, kowane gurbi da sunansa, kamar dai fom ɗin takarda da ake cikawa a asibiti ko a ofis.

To amma akwai bambanci babba tsakanin takarda da kwamfuta. A kan takarda, hannu ne ke kai alƙalami inda ido ya nufa. A cikin kwamfuta kuwa, gurbi ɗaya tak ke sauraro a kowane lokaci, kuma duk abin da aka danna a kan madannai, cikin wannan gurbi zai faɗa, ko mai rubutun na kallonsa ko ba ya kallo. Wannan gurbi mai sauraro shi ne matsayar manuni. Idan aka gama da shi, akan danna madannin Tab ko na Enter domin manuni ya matsa gaba, ko a haɗa Shift da Tab domin ya koma baya. Madannin Tab gado ne daga tafireta, inda aka yi shi domin tsallakawa zuwa ginshiƙi na gaba a lokacin buga jadawali.

Tambayar ita ce, ina ne gaba? Kwamfuta ba ta san shi da kanta ba. Jeri take bi wanda aka ajiye mata. A manhajar Microsoft Access, wadda ta fito a 1992, idan mai tsara fom ya riƙa ɗora gurabu ɗaya bayan ɗaya, manuni zai bi su ne bisa jerin da aka ɗora su, ko da daga baya an sassauya musu wuri a kan shafin. Ke nan mai tsari na iya jan gurbin shekaru ya kai shi sama domin shafin ya yi kyan gani, alhali manuni na nan bisa tsohuwar hanyarsa. Ido na ganin tsari guda, yatsa na bin wani dabam.

Daga Kiyawa zuwa Abuja

Domin a ga girman abin, ya kamata a dubi irin lambobin da ke ratsa waɗannan gurabu a tsakiyar Jihar Jigawa. An ƙirƙiri jihar ranar 27 ga Agusta, 1991, da hedkwata a Dutse da ƙananan hukumomi da a yau suka kai 27. Kiyawa na cikinsu, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutane sama da 170,000 a cikinta, a garuruwa irin su Kiyawa, Shuwarin, Katanga da Andaza. A ƙananan asibitocin irin waɗannan garuruwa, ma'aikatan lafiya kan rubuta allurar rigakafi, da awon ciki, da masu zazzaɓin cizon sauro a littattafan rajista. Ƙarshen wata a tattara jimla a kan fom, sannan a shigar da ita cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ta ƙirƙira, wadda Nijeriya ta ɗauka a matsayin rumbun bayanan lafiya na ƙasa a cikin shekarun 2010. Daga nan ne jami'ai a Dutse da Abuja ke duba inda ake bukatar magani da ma'aikata.

Har ila yau, a Kiyawa ne aka gudanar da wani babban bincike mai suna INSPIRING, a kan hanyoyin rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5, musamman daga ciwon sanyin haƙarƙari, wato nimoniya. Ƙungiyar Save the Children ta yi aikin tare da masana daga Jami'ar Ibadan da wasu jami'o'in Turai. An kasa ƙaramar hukumar gida 32, aka bi gidaje a 2021 da 2022 ana tambayar iyaye mata game da haihuwa da rasuwar yara, aka kuma buga sakamakon a mujallar The Lancet Global Health a 2024. Haka nan binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018, wanda ya nuna cewa yara 132 cikin kowane 1,000 kan rasu kafin su cika shekara 5 a Nijeriya, Jigawa kuma na cikin jihohin da abin ya fi tsanani, da ƙananan kwamfutocin hannu aka tattara shi, ta manhajar CSPro ta Hukumar Ƙidayar Amurka. Irin waɗannan alƙaluma duka, kafin su zama hujja a hannun masani, sai da kowannensu ya ratsa ta wani gurbi.

Ga misali na ƙaddarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana ɗaukar numfashin yaro a matsayin mai sauri idan ya kai 50 a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan wata 12 zuwa 59, kuma saurin numfashi tare da tari alama ce ta nimoniya. A ƙaddara an kawo yaro namiji ɗan wata 18, nauyinsa kilo 9, numfashinsa 48. A takarda an jera shekaru, nauyi, numfashi. A kwamfuta kuwa manuni na farawa daga gurbin numfashi, ya bi ta nauyi, ya ƙare a shekaru. Akawu, idonsa a kan takarda, ya buga 18, 9, 48 kamar yadda ya saba. Yanzu rumbun bayanai na ɗauke da yaro ɗan wata 48 mai numfashi 18. Yaron da ke da alamar nimoniya ya ɓace. A madadinsa an haifar da wani wanda babu shi a duniya, ɗan shekara 4 mai kilo 9, wanda ma'aunin girma zai sa shi cikin masu matsananciyar rama, tun da matsakaicin nauyin ɗan shekara 4 ya kai wajen kilo 16. Lambobi uku aka buga, dukansu daidai da takarda, amma an sami ƙarya biyu. Abin da ya fi muni shi ne, wata 48 adadi ne mai yiwuwa, don haka na'urar ba za ta yi ƙorafi ba.

Abin da ilmin halittu ya nuna

Mai karatu na iya cewa ai laifin akawu ne, me ya hana shi duba fuskar na'urar? Ilmin halittar jikin ɗan Adam na da amsa. A bayan ƙwayar ido akwai tantanin gani, a tsakiyarsa kuma akwai wani ɗan rami da ake kira fobiya, wanda shi kaɗai ke gani tar-tar. Faɗin abin da yake kamawa bai wuce kimanin digiri 2 ba, wato kamar faɗin farcen babban yatsa idan aka miƙe hannu. Duk abin da ke wajen wannan ɗan fili, dishi-dishi ake ganinsa. Saboda haka mutum ba zai iya karanta takarda da fuskar kwamfuta a lokaci guda ba. Sai dai ido ya yi ta tsalle tsakaninsu, kuma kowane tsalle na tattare da haɗarin ɓacewar layin da ake kai.

Na biyu kuma shi ne sabo. Aikin da aka maimaita sau ɗaruruwa, ƙwaƙwalwa kan sauke shi daga kan tunani ta miƙa shi ga sassan da ke kula da motsin da aka saba, kamar yadda mai keke ba ya tunanin taka feda, mai saƙa kuma ba ya ƙirga zare. Ƙwararren akawu yatsunsa ke tafiya da kansu, kuma wannan shi ne ainihin ƙwarewar da aka ɗauke shi aiki dominta. Fom ɗin da manuninsa ke tsalle ba bisa tsari ba ya mayar da wannan ƙwarewa tarko: gwargwadon saurin mutum, gwargwadon yawan kuskurensa. Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma batun lokaci. A 1980, masana uku a Amurka, Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell, sun fitar da ma'aunin daƙiƙoƙin da ƙananan ayyukan kwamfuta ke ci. Sun ƙiyasta cewa ɗauke hannu daga madannai zuwa linzamin kwamfuta na cin kashi 4 cikin 10 na daƙiƙa, kai kibiya kan abin da ake nufi na cin daƙiƙa 1.1, dawo da hannu kuma wani kashi 4 cikin 10. Jimla daƙiƙa 1.9 ke nan, alhali danna madanni guda ga matsakaicin mai bugu bai kai sulusin daƙiƙa ba. A ƙaddara akawu na da fom 200, kowanne da gurbi 30, wato gurbi 6,000. In sai ya kama linzami kafin ya shiga kowane gurbi, zai ɓatar da daƙiƙa 11,400, sama da awa 3, a kan tafiya kawai. In kuwa Tab na kai shi daidai, rabin awa ya isa. A ofishin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, wannan rata ce ke raba rahoton da ya isa kan lokaci da wanda ya makara.

Darussa biyu daga tarihi

Matsalar ta girmi kwamfutar zamani. Tun ƙidayar Amurka ta 1890, wadda aka yi amfani da injin Herman Hollerith, ake adana bayanan mutane ta hanyar huda kati, kowane ginshiƙi da ma'anarsa. Bayan ƙidayar 1950, masana biyu na Jami'ar Princeton, Ansley Coale da Frederick Stephan, suka lura da wani abin mamaki a cikin jadawalin: an sami yara maza 'yan shekara 14 da yawa waɗanda aka ce matansu sun mutu ko aurensu ya mutu, da kuma rarar samari cikin 'yan asalin ƙasar, wato Indiyawan Amurka, fiye da yadda hankali zai ɗauka. A maƙalar da suka buga a 1962, sun nuna cewa a wasu katunan hujin ya goce da ginshiƙi ɗaya zuwa dama. Lambar jinsi ta faɗa gurbin farko na shekaru, lambar farko ta shekaru ta koma ta biyu, ta biyun kuma ta faɗa gurbin matsayin aure. Ta haka magidanta suka rikiɗe suka zama yara gwauraye. Katunan da abin ya shafa kaɗan ne ƙwarai cikin miliyoyi, kuma an gano su ne kawai domin sun faɗa rukunin da ya saɓa wa hankali. Da sun faɗa inda ba a ganin baƙo, da sun zauna daram a matsayin gaskiya.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Therac-25 na'ura ce ta gasa ciwon daji da haske mai ƙarfi, wadda kamfanin AECL na Kanada ya ƙera. Tsakanin 1985 da 1987 ta zuba wa marasa lafiya 6 haske fiye da ƙima a Amurka da Kanada, aƙalla 3 suka rasu. Biyu daga cikin haɗurran sun faru ne a garin Tyler na Jihar Texas, a Maris da Afrilu na 1986. Ma'aikaciyar da ke sarrafa na'urar gwana ce wajen saurin bugu. Ta danna harafin X a gurbin nau'in haske, ta lura E ake so, ta mayar da manuni sama ta gyara, ta sauko ta ba da umarnin farawa. Ashe na'urar na ɗaukar kimanin daƙiƙa 8 tana daidaita maganaɗisunta, kuma duk gyaran da aka yi aka gama cikin wannan ɗan lokaci, sashen da ke sarrafa hasken ba ya lura da shi yadda ya kamata. Fuskar na'urar na nuna abin da aka gyara, cikinta na aiki da wani abu dabam. Matakin gaggawa da kamfanin ya ba asibitoci shi ne su cire madannin da ke mayar da manuni sama. Nancy Leveson da Clark Turner sun bayyana lamarin dalla-dalla a 1993, kuma ya zama abin koyarwa ga ɗaliban kwamfuta. Abin lura a nan shi ne, masu tsari sun yi tanadi ga mai tafiya gaba, sun manta cewa ɗan Adam na komawa baya ya gyara.

Ƙa'idojin da suka kamata a bi

Ta farko, manuni ya bi jerin takarda sau da ƙafa, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, kuma da zarar an buɗe sabon shafi ya tsaya a gurbin farko yana jira. Gurabun da na'ura ke cikawa da kanta, kamar lambar rajista ko jimlar lissafi, a cire su daga hanyarsa. Idan aka sauya fom ɗin takarda, to a ranar a sauya na kwamfuta.

Ta biyu, matsayar manuni ta fito fili, ta hanyar sauya launin gurbin ko kaurara iyakarsa, yadda kallo guda zai wadatar. Ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa shafukan intanet ga masu bukata ta musamman, waɗanda aka fitar a 2008, sun tanadi abu biyu a kan haka: jerin tafiyar manuni ya kasance mai ma'ana, matsayarsa kuma ta kasance a bayyane. Makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa shafi da murya ba shi da wata hanya sai wadda manuni ya bi. In ta karkace, shafin ya zame masa daji.

Ta uku, a tsallake tambayar da ba ta shafi mutum ba. Idan an zaɓi namiji, manuni ya haye tambayoyin juna biyu. Manhajar Epi Info, wadda Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta fitar a tsakiyar shekarun 1980, ta ba masu binciken lafiya wannan dama tun tuni, kuma manhajojin wayar hannu irin su ODK da CommCare, masu iya nuna tambaya ɗaya a kowane shafi, a kan wannan dabara suka ginu. Sai dai darasin Tyler na nan: idan aka koma baya aka gyara jinsi daga namiji zuwa mace, dole tambayoyin da aka tsallake su sake buɗewa, amsoshin da aka bayar a kan hanyar da aka bari kuma a share su.

Ta huɗu, a tsayar da manuni a kan abin da ba zai yiwu ba. Jariri mai kilo 90, ko ranar haihuwa da ba ta zo ba tukuna, bai kamata su wuce ba. Na'ura ta faɗi laifin da harshe mai sauƙi, ta kuma mayar da manuni kan gurbin da ke da matsalar. Ya kamata kuma a riƙa gwada gurbi da ɗan'uwansa, domin a misalin da ya gabata, haɗa wata 48 da kilo 9 ne kaɗai zai tona asirin kuskuren.

Ta biyar, a yi hattara da tsallen da na'ura ke yi da kanta idan gurbi ya cika. Yana da amfani ga lamba mai tsayayyen tsawo, kamar lambar waya ko lambar shaidar ɗan ƙasa, masu alƙaluma 11 kowacce. Amma idan wasu gurabu na tsalle da kansu wasu ba sa yi, yatsan da ya saba zai danna Tab bayan na'ura ta riga ta matsa, a haye gurbi guda, sauran lambobi duka su goce kamar katunan 1950. Haka kuma ƙarshen fom: a Access, in ba a hana ba, danna Tab a gurbin ƙarshe na kai manuni kan bayanin mutum na gaba, kuma bugu ɗaya na iya shafe sunan wani.

Masu ganin akasin haka

Akwai masu cewa ɗaure manuni tamau wulaƙanta ma'aikaci ne, kuma yana haifar da nasa ƙaryar. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Binciken 2018 da aka ambata ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 kacal na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa. Uwa a ƙauye na iya cewa an haifi ɗanta da kaka, ko bayan Babbar Salla, ba ta riƙe kwanan wata ba. Idan fom ya kafe cewa manuni ba zai motsa ba sai an cika ranar haihuwa, ga layi ya yi tsawo, ga rana ta take, ma'aikaci zai ƙirƙiro rana ya wuce. Masana ƙidaya sun daɗe da sanin yadda shekarun da aka yi kirdadonsu ke taruwa a kan lambobin da suka ƙare da 0 ko 5. Gurbin da aka bari fayau na shaida wa masani cewa akwai abin da ba a samu ba; lambar da aka ƙirƙira kuwa na shiga lissafi da rigar gaskiya.

Amma maganin wannan yana cikin tsarin ne shi kansa. A ba kowane gurbin dole zaɓin "ba a sani ba". A bambanta abin da ba zai yiwu ba, wanda za a toshe, da abin da ke da wuyar faruwa, wanda za a yi gargaɗi a kansa a bar ma'aikaci ya tabbatar, domin a fagen lafiya yaron da awonsa ya fita dabam shi ne sau da yawa ya fi bukatar agaji. Kaurin damtse ƙasa da milimita 115 alama ce ta matsananciyar tamowa, kuma fom ɗin da ya ƙi karɓar 98 don yana ganin ta yi kaɗan ya rufe ƙofa ga wanda aka gina shi dominsa. Manhajar CSPro ma ta amince da wannan bambanci, inda ta ba mai tsari zaɓi biyu: ko na'ura ta riƙe ragamar hanya, ko ma'aikaci ya riƙe. Na farko ya fi dacewa da doguwar hira mai rassa da yawa, na biyu kuma da gogaggen akawu mai kwafe takardar da aka riga aka cika. Abin da ba shi da hujja shi ne barin hanyar yadda ta faɗo, ba wanda ya zaɓa, ba wanda ya gwada.

Aikin malamai da ɗalibai

Ɗaliban sakandare ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2017 kuma ta fito da tsarin madannai 8 domin waɗanda ba su saba da linzami ba: A, B, C da D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa, R na janyewa. Wannan tsarin tafiyar manuni ne tsantsa. Daga 2021 aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa wajen rajista, wanda ke nufin sunan mahaifi da ya faɗa gurbin sunan yanka tun ranar ɗaukar bayani na iya bin ɗalibi har ƙofar jami'a. Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya karanta abin da aka buga masa, gurbi bayan gurbi, kafin ya bar gaban mai bugawa.

Malamin ilmin halittu da na kwamfuta na iya haɗa kai su gudanar da gwaji mai sauƙi, ko da kwamfuta ɗaya ce a makarantar. Ɗalibai su auna tsawo, da nauyi, da bugun zuciya na 'yan ajinsu 30, su rubuta a takarda. A tsara fom biyu masu kama ɗaya a ido, ɗaya manuninsa na bin takarda, ɗayan an hargitsa masa jeri. A raba ajin biyu ta hanyar ƙuri'a, kowane rukuni ya shigar da bayanan, a riƙe agogo, sannan a ƙirga kurakurai ta hanyar gwadawa da takardar asali. A darasi guda ɗalibi ya koyi awo, da rukunin gwaji da na kwatance, da amfanin ƙuri'a wajen kauce wa son rai. Daga nan a nuna musu dabarar shigarwa sau biyu, inda mutum biyu ke buga takarda ɗaya kowa da kansa, na'ura ta fito da wuraren da suka saɓa.

Ga hukumomi da ƙungiyoyin da ke sayen irin waɗannan manhajoji ko ba da kwangilar tsara su, shawarar guda ce. Kafin a karɓi fom, a zaunar da akawun da zai yi aiki da shi, a ba shi takardu 20 na gaske, a ɗauke linzami daga kan tebur, a sa shi ya cika su, har da komawa baya ya yi gyara da gangan. Duk inda ya tsaya yana neman manuni, a rubuta, a mayar wa mai tsari. Gwajin ba zai ci fiye da awa ɗaya ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, na yaye matasan da gobe za su tsara wa asibitocin Kiyawa da maƙwabtanta fom. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: in tun daga sakandare suka san cewa a bayan kowane gurbi akwai yaro mai numfashi da nauyi da shekaru, za su ba hanyar manuni kulawar da mai awo ke ba ma'auninsa.